Gasayar Gwaggo

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Gwaggo ta riga mu tafiya. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu har ta kai ni ɗakin miji. Ta cika wata Laraba da hantsi a gidan hayar da Baba ke zaune a Kaura Namoda, nesa da ƙauyenmu na ƙasar Zurmi inda ta so a rufe ta. Kafin azahar an kai ta makwancinta.

Tsakar gidan ba shi da wani girma, amma mata suka cika shi har bakin zaure. Yawancinsu mutanen ƙauyenmu ne da tashin hankali ya watso cikin gari kamar yadda ya watso mu. Duk wadda ta shigo ta durƙusa ta yi gaisuwa sai ta ce an yi rashin mai haƙuri. Na ji kalmar nan har ta gundure ni. Gwaggo ba ta da haƙuri da mutane, kuma duk wadda ke kan tabarmar nan ta sani, don da wuya a samu wadda ba ta taɓa shan faɗanta ba. Wata tsohuwa ce kaɗai ta faɗi gaskiya. Ta zauna tana mayar da numfashi, ta ce, "Ashe mai noman haki ta tahi," sannan ta tuna inda take, ta rufe baki da gefen mayafi. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, wasu dariyar ta kai su ga kuka. Daga nan ne bakin kowa ya buɗe, aka daina yi mata ƙaryar yabo, aka shiga ba da labarinta yadda take.

A waje kuma, cikin maza, ɗanta na fari ne ke karɓar gaisuwa. Daga Shinkafi ya zo, inda yake da garka a fadama. Taubashina ne, ɗan mace ni 'yar namiji, don haka tun muna yara ba abin da ke tsakaninmu sai tsokana. Ranar ba mu yi wasa ba. Idanunsa sun yi jajur, mutane na ta cewa dubi yadda yake son uwarsa. Ranar sadakar uku na tare shi a zaure na tambaye shi abu ɗaya da ya dame ni, wato irin gasayar Gwaggo da ke hannunsa. Ya ce in kwantar da hankalina, iri na nan. Da wannan magana na yi ta lallashin kaina har aka yi arba'in. Nakan ce Gwaggo ta tafi, amma aikinta na shekara talatin yana raye a Shinkafi. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da ita, kuma ba zan ɓoye ba, da fushi nake rubutawa.

Wanda bai san gasaya ba, ganye ne da ke fitowa da kansa da farkon damina, a bakin hanya, a juji, a tsohon makwancin shanu. Yana da yatsu biyar, yana da wari, yana da ɗaci. Mata kan tsinko shi su dafa su zubar da ruwan, su sake dafawa su sake zubarwa, sannan a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Abincin tsakiyar damina ne, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai iso ba. Ba mai shuka shi. A ƙasarmu in ka ce za ka shuka gasaya, kamar ka ce za ka yi kiwon ƙuda ne.

Gwaggo ta shuka. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gida, Baba ya yankar mata gayauna, 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta, yana tsammanin gyaɗa za ta sa ko wake. Ta sa gyaɗar a rabi, rabin ta ba gasaya. Da aka yi mata dariya sai ta ce, "Hatsi ma haki na, har wani yay yi mai gata." Kuma ba ta fasa ba.

Ni ce 'yar rakiyarta, don haka na ga yadda take yi. In ruwa ya sauka da sati uku, sai ta bi daji tana tsinkar ganye tana taunawa ɗanye. Ta tauna ta tofar, ta tauna ta tofar, fuskarta na yamutsewa. In ta samu wadda ɗacinta ya yi sauƙi sai ta tsaya ta duba faɗin ganyen, ta duba ko ta yi saurin fure, don wadda ta yi fure da wuri ta gama ba da ganye. In ta yi mata, sai ta yage tsohon jan zane ta ɗaura mata ƙyalle. Wannan ba a taɓa ta sai ta yi kwanso. Kafin kwanson ya fashe ta ɗebe shi, ta shanya a faifai, ta murje, ta gauraya 'yan baƙaƙen ƙwayoyin da toka, ta zuba a gora ta toshe da totuwa. Damina mai zuwa ta shuka su layi-layi, ta sake bin su da baki ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta ce ta yi halin daji, tumɓuke ta take yi tun ba ta yi fure ba, ko da kuwa ta fi kowace kyan gani. Ni ma ta sa ni taunawa, ina yi ina hawaye, tana ce mini bakina na banza ne, bai san komai ba sai alewa.

Tana da aminiya, wata Bafillatana mai kawo nono daga rugar da ke gabas da mu. Ita ce ke zuwa mata da iri daga nesa. In sun dawo daga kiwo ta wajen iyakar Nijar, sai ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan ƙulli ta ce ga wata da ta gani a makwancinsu, ganyenta manya. Su zauna gindin bedi suna musu a kan ganye kamar masu cinikin saniya. Ban taɓa jin sun yi hirar miji ko ta sutura ba.

Faɗanta na farko da matan gari ne. A al'adarmu ganyen da ya fito da kansa ba shi da mai shi. Ko a gonar wa yake, mai bukata ta shiga ta tsinka, ba sata ba ce. To sai mata suka ga gasaya ta yi shar a gayaunar Gwaggo, suka faɗa mata da ƙwarya, har masu jan ƙyallen suka tsige. Gwaggo ta bi su gida-gida. Suka ce abin Allah ne, ta ce geron mazajensu ma abin Allah ne, gobe za ta shiga ta yanka. Magana ta kai gaban mai gari. Bawan Allah ya rasa hukuncin da zai yanke, don tun kakanninsa ba a taɓa kawo ƙarar gasaya ba. Daga ƙarshe ya ce kowa ta tsinka a ko'ina ban da cikin layi, ban da mai ƙyalle. A nan ne sunan mai noman haki ya bi ta.

Babban faɗan kuwa da Baba ne, kuma alheri ya jawo shi. Shekara ta bakwai da fara aikin, ta tafi taron suna a garin Banga ta kwana uku. Baba ya bi ta gefen gayaunar, ya ga rabinta ciyawa ta cinye, ya ji kunya a ce yayarsa ba ta da mai yi mata noma alhali yana raye. Ya kira gayya. Maza goma sha suka shiga da hauya, kafin rana ta take sun share wurin fes, har suna yi wa juna kirari. Da ta dawo Baba ya rako ta da kansa, yana murmushi, yana jiran godiya. Ta tsaya ta dubi ƙasar. Sannan ta tafi inda aka tara ciyawar, ta durƙusa, ta shiga zaro jajayen ƙyallayenta ɗaya-ɗaya tana kaɗe musu ƙasa. Ta ɗago ta ce masa, "Wa ya aike ka?" Daga ranar ba ta ƙara cin tuwon gidansa ba sai da aka yi girbi. Har yau in an tayar da zancen Baba cewa yake shi zumunci ya yi, kuma gaskiyarsa ne, sai dai zumuncin ya ci shekara bakwai a wuni ɗaya.

Abin da ya cece ta shi ne ɗan ƙullin da ta taɓa ba aminiyarta ajiya. Da shi ta sake tashi. Tun daga nan ta kafa doka, tana maimaita ta har muka haddace, cewa ba a ajiye iri a hannu ɗaya.

A hankali gasayar ta bar halin daji. Ganyenta ya yi faɗi, ta daina saurin fure, a yanke ta ta sake tohowa har sau huɗu. Dahuwa ɗaya ta ishe ta, ba sai an zubar da ruwa ba. Ba ta neman takin zamani, kashin awaki ya wadatar da ita, kuma takan zauna tsakanin layin gero ba ta dame shi ba. Amfaninta ya fito fili shekarar da ruwa ya yi mana wasa har aka yi shuka uku. Rumbuna suka ƙare tun gero bai kai gwiwa ba. Gasayar daji ta yi fure ta tsufa cikin 'yan kwanaki, ta Gwaggo kuwa tana nan tana ba da ganye. Matan da suka kai ta gaban mai gari su ne suka yi layi a ƙofarta. Ba ta hana kowa ba, amma ba wadda ta tafi ba ta sha gori ba. Takan cika wa mace ƙwarya, ta tuna mata abin da ta ce shekara kaza da ta wuce, sannan ta ɗora mata ɗan ƙullin iri ta ce ta je ta shuka. Kaɗan ne suka shuka. Waɗanda suka shuka ma ba su iya tumɓuke mai halin daji ba, don a ganinsu ɓarna ce, sai tasu ta gauraye ta koma gidan jiya. Irin na ainihi ya zauna a wurin Gwaggo da aminiyarta.

Wannan matar da ba ta shakkar mai gari, ba ta shakkar ƙanenta, akwai mutum ɗaya a duniya da ba ta iya ɗaga ido ta dube shi, shi ne ɗanta na fari. Kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, Gwaggo ta riƙe ta da gaske. Tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, ya tashi a Shinkafi cikin dangin ubansa. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In dole ta yi zancensa sai ta ce na Shinkafi. In ya zo gaishe ta, sai aiki ya taso mata a wani lungu. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa da kalma biyu tana duban bango. Ina yarinya na ɗauka ba ta son sa ne. Sai wata rana da ya yi sallama ya fita, na same ta tsaye a jikin danga, ta buɗa kara da yatsa tana kallon bayansa har ya sha kwana. Da ta gan ni ta ce in wuce in ba awaki ruwa. Duk saƙon da ke tsakaninsu ta bakina yake bi, tun da ni ba abin da ba na iya gaya masa.

Da tashin hankalin nan ya iso ƙasarmu, na riga na yi aure a Kaura ina koyarwa a firamare. Wata safiya labari ya zo wa mutanen ƙauyenmu cewa an shiga ƙauyen da ke kusa, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Gwaggo ta bar kwanukanta, ta bar awakinta, ta goya gorar iri a baya ta hau motar da ta kawo su. Aminiyarta ma ba ta tsira ba. Rugarsu ta watse, shanu suka tafi, ajiyar da ke hannunta ta ƙone tare da bukkar. Aminiyar ta iso Kaura daga ita sai zanen jikinta, ta samu ɗaki a bayan gidan da su Baba suka kama. Ɗan fari ya aiko a kai masa uwarsa Shinkafi, ta ce ba ta zama gidansa, a bar ta wurin ƙanenta.

A Kaura ta gwada shuka a fasassun robobi. Gidan kuwa iyali biyar ne a ciki, kowa da akuyarsa. Ranar da ganye ya fito ranar aka cinye shi. Ta sake, aka sake cinyewa. Ƙafafunta suka fara kumburi, gonakin bayan gari kuma duk da masu su. Sai ta ce za ta raba abin da ya rage a gorar kashi uku: ni, da Baba, da na Shinkafi.

A nan laifina yake, kuma ba zan tsallake shi ba. Ni ce na hana. Na ce mata gidana siminti ne ko'ina, ga ɓeraye. Baba ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. In an raba uku, kashi biyu sun mutu a banza. Na ce ta ba mai garka duka, shi da ke da ruwa rani da damina, in ya yawaita sai ya raba mana. Na yi mata lissafi irin na 'yan boko har na ji daɗin kaina. Ta tuna mini dokarta, na ce wannan dokar zaman lafiya ce, yanzu zamani ya canja. Rana ta uku ta miƙo mini gorar da hannu biyu, ta zaunar da ni ta yi ta karanta mini yadda za a yi, tun daga zurfin rami har zuwa ɗaurin ƙyalle, ta sa na maimaita sau uku. Ita ba za ta iya gaya masa da bakinta ba.

Na kai masa, na karanta masa kamar hadda. Ya karɓa da hannu biyu shi ma, ya ce an gama, in gaya mata ta sa ido.

Shekara uku ina bin hanyar Shinkafi duk kaka. Wanda ya san hanyar nan a shekarun nan ya san ba a binta don nishaɗi. Mota na tafiya kowa ya yi tsit, direba na leƙen daji, in an ga babur daga nesa sai salati ya tashi. Mijina ya hana ni har ya gaji. In na isa, taubashina ya tare ni da tsokana, ya ce baiwarsa ta zo karɓar saƙo, in ce bawa dai ya fito da abin uwargijiyarsa. Matarsa ta kawo ƙulli a leda, ganye dafaffe busasshe, wai ya fi jure tafiya. In na ce a kai ni in ga shukar, sai ya ce fadama ba wurin mata ba ne yanzu, ko so nake a ɗauke ni a bar shi da jidali. Ya ba ni labari: ta kai ƙugu, maƙwabtansa na roƙon iri, bana ma ya ƙara layi biyu. Ni kuma in kwaso labarin nan duka, har da ƙarin gishirina, in zo in juye wa Gwaggo. Takan saurara kanta a sunkuye. A jiƙa ganyen a kwaɗa, ta ci a gabana, ta ce madalla. Ban taɓa kwance ƙullin na duba ba, a ganina amana ce na ɗauko.

Bayan arba'in ɗinta, hadari ya fara haɗuwa. Shugaban makarantarmu ya ba ni wani lungu a bayan azuzuwa mai katanga, inda akuya ba ta shiga. Na ce to, lokaci ya yi da irin Gwaggo zai samu hannu na biyu. Na hau mota na tafi Shinkafi ba tare da na aika ba.

Ban same shi a gida ba. Da na faɗi abin da ya kawo ni, matarsa ta shiga kame-kame, ta kawo ruwa, ta kawo fura, ta sake kawo ruwa. Da ya dawo ya fara tsokanar da ya saba, ya ga ban yi dariya ba. Na ce iri na zo ɗiba, ko cokali biyu ne. Ya ce bana bai ɗebi iri ba tukuna. Na ce to na bara. Ya ce sai ya duba. Na ce mu je garkar in tsinki kwanso da hannuna, in an ɗauke ni a hanya na yafe. Sai ya zauna a kan turmi ya cire hula.

Bai taɓa shukawa ba. Ko ƙwaya ɗaya. Ya ce shekarar farko ya riga ya cika fangalinsa da albasa, ya ce sai baɗi. Da baɗin ta zo ya tsaya ya yi tunani. "Ni da girmana," in ji shi, "cikin maza, a gan ni ina ban ruwan gasaya? Mi za a ce da ni?" Ganyen da nake ɗauka kuwa, wurin matan da ke tsinkowa a daji ake saye, matarsa ta dafa shi sau uku don ɗacin ya fita, a shanya a ƙulla mini. Ya ce don hankalin tsohuwa ya kwanta ya yi, kuma ai ga shi ta tafi ba da baƙin ciki ba. Yana faɗa yana neman in ce ya kyauta.

Na ce ya ba ni gorar. Ya shiga ɗakin ajiya ya daɗe yana ture buhuna. Da ya fito da ita, ta tsage ta gefe, totuwar ta ruɓe. Na juye a faifai, sai wani dunƙule ya faɗo, toka da iri sun haɗe sun yi fumfuna. Matarsa ta ce daminar bara ce rufin ya yi yoyo, kafin nan gorar lafiyarta lau, in an girgiza har ƙara take yi.

Abin da na gaya masa ranar, wasan taubasai bai rufe shi ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Na dai gaya masa cewa da ya ce ba zai iya ba tun ranar farko, da na ɗauki gorar na koma da ita, ba wanda zai zage shi. Ya mayar da ni jakar ƙaryarsa, ya bar ni ina sayar da raina a hanya saboda ganyen juji, ya sa na zauna gaban matar da ta raine ni ina yi mata tatsuniya. Na ƙulle dunƙulen a gyalena na fito, ko furar ban sha ba.

Na marmashe shi, na tankaɗe, na shuka a lungun makaranta. Sati uku ina ban ruwa safe da yamma. Ba abin da ya fito. Na tambayi matan ƙauyenmu kaf ko akwai mai sauran ƙullin da Gwaggo ta taɓa ba ta, kowa ta ce ai an bar komai a can. Can ɗin kuwa ba mai zuwa, kuma ko an je, damina huɗu ba mai tumɓuke mai halin daji, abin da ke gayaunar yanzu gasaya ce kamar ta kowane juji.

Da na tabbatar ba sauran dabara, na tafi wurin aminiyarta. Na same ta da la'asar a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Na zauna na kwashe komai na gaya mata. Da na gama na ce abu ɗaya na gode wa Allah a kansa, da ya ɗauki Gwaggo ba ta sani ba.

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, "Ɗiyata, ta sani."

Na ce tun yaushe. Ta ce tun ƙullin farko. Ranar ina fita, Gwaggo ta kira ta, ta jiƙa ganye ɗaya ta shimfiɗa shi a tafin hannu. Ƙanƙane ne, ga 'yan furanni a cikin ƙullin, ga yashin daji. Suka dubi juna. Aminiyar ta ce ta roƙe ta, ba sau ɗaya ba, ta aike ni in karɓo gorar tun iri na da rai. Har ta yi barazanar za ta gaya mini da kanta, Gwaggo ta haɗa ta da Allah.

Na ce, "Inna, don mi? Matar da ta ƙaurace wa tuwon ƙanenta damina guda a kan irin nan?"

Ta ajiye faifan. Ta ce ita ma haka ta tambaye ta, Gwaggo ta ce, "In aika a ce ma na Shinkafi na gane ƙarya yay yi min? Da wane baki?" Sannan aminiyar ta ƙara nata. Ta ce in tuna, tun da aka raba su yana jinjiri, ba abin da ya taɓa fitowa daga hannunsa ya zo nata kai-tsaye sai ƙullin nan. Hatsi yakan aiko, amma wa Baba. Sutura yakan aiko, amma da sunan gida. Wannan kaɗai ne ake cewa nata ne daga gare shi. In ta tona, ya ji kunya, ba zai ƙara aikowa ba, ni kuma in je in yi masa rashin kunya zumunci ya tsinke. Sai ta zaɓi ta ci.

Na tashi ban yi mata sallama ba. A hanya nake ta lissafin abin da ba na son lissafawa. Shekarar farko irin na da rai. Shekara ta biyu ma yana da rai. Sau biyu ina wucewa ta ƙofar ɗakin ajiyar nan da ledar ganyen daji a hannuna, gorar na ciki bayan buhuna, tsakanina da ita bai fi taku biyar ba. Kalma ɗaya daga bakin Gwaggo ta isa. Shi ya ji kunyar maza, ita ta ji kunyarsa, ni da suka sa a tsakiya ba wanda ya ji tausayina ya gaya mini gaskiya.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya sa kowane ganyen da ta ciyar da mai yunwa ya tsaya mata ranar da ba mai tsaya wa wani. Ina yi mata wannan addu'a kullum da zuciya ɗaya. Baba ya ce in yafe wa ɗanta, tun da ita mai abin ta yafe tun tana raye. Na ce masa to, don ba a musu da uba. Amma shi nasa mai sauƙi ne, wata rana zan gaji in amsa gaisuwarsa. Wadda na kasa sanin yadda zan yi da ita ita ce Gwaggo, da ta dube ni shekara uku ina zuba mata labari, ta san iri na can yana mutuwa, ta bar ni na gama, ta sa hannu ta ci.